Shekara Bakwai da Rasuwar Yaya Kulu, da Maganin da Ya Iso a Makare

Da daminar nan aka cika shekara bakwai da rasuwar yayata Hauwa'u, wadda duk layin masu agushi a kasuwar Lafia suka sani da Yaya Kulu. A shekarun baya, idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa shinkafa in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru ba. Bana shirun ya gagara. Na kai shekarun da ta bar duniya a cikinsu, kuma ciwon sugan da ya share wa cutar da ta kashe ta hanya yana jikina yau shekara uku. Cikin tsoro nake rubutun nan, ba zan ɓoye wa mai karatu ba.

Ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina aji uku a firamare a Shabu, Yaya kuwa ba ta fi wata biyar da aure ba, amma ta zo ta naɗe tabarmata da 'yan tsummokarana ta tafi da ni gidanta a Akurba. Da agushi da riɗi ta riƙe ni har na zama malamar makaranta. Mace ce mai jiki, mai saurin sabo. Tana ciniki da Gwandara da Hausa, ta ɗan taɓa Eggon da Tibi idan ta ga mai kaya yana neman ya fi ta wayo. Idan aka sauke mata buhu ba ta duba samansa. Hannu take zurawa har gwiwa, ta damƙo na can ƙasa, ta shinshina. In ya sha danshi, ko da me mai shi zai rantse, ba ta saye. Mijinta ya riga ta rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Rukayya, wadda a lokacin rashin lafiyar Yaya take ajin ƙarshe na sakandare.

Abu ɗaya Yaya ta raina, ciwon suganta. Ƙwayoyin da aka rubuta mata sai ta tuna take sha. Idan na yi magana sai ta ce, "Lami, ni nake shan suga, ba shi yake sha na ba," ta bushe da dariya, ni ma in taya ta. Har yau idan na tuna na taya ta dariyar nan, sai in ji haushin kaina.

Abin ya fara kamar mura. Ruwa ya dake ta a hanyar dawowa daga ƙauye, washegari hancinta na hagu ya toshe, gefen fuskar yana mata ciwo. Ta je kemis aka ba ta maganin mura. Da ciwon ya sauko haƙori sai ta ce ashe haƙori ne, ta je aka cire mata ɗaya, lafiyayye. Ranar Asabar da hantsi na je gaishe ta, na tarar idonta na hagu ya kumbura, fatar idon ta faɗo ta rufe shi. Na dama mata kunu. Da ta buɗe baki za ta kurɓa sai na hango wani baƙin tabo a saman bakinta, a ganɗa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, baƙi wuluk kamar an ɗosana gawayi. Na ce ta taɓa wurin da harshe. Ta taɓa, ta ce ba ta jin komai. Wannan rashin jin komai ɗin shi ya tsinka min zuciya. Na fita ko mayafi ban gyara ba na tsayar da mota.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wata likita, 'yar ƙarama, siririya, 'yar Eggon. Ta haska bakin Yaya da tocila, ta haska hancin, sai na ga ta daina murmushi. Ta ja ni waje. Da Hausarta irin tamu ta Lafia, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba, ta ce, "Anti, wannan ba mura ba ne, ba haƙori ba ne. Funfuna ne ya shiga hancin shi, yana cin nama. Suga ya hau sosai, jikin shi ba ya iya faɗa."

Na ce, "Funfuna? Irin wadda take fitowa a jikin burodi?"

Ta ce, "Dangin shi ne. Yana cikin ƙasa, yana cikin iska, ni da ke muna shaƙa kullum, ba ya yi mana komai. Amma idan ya samu mai suga da ya hau haka, ba ya jira. Daga hanci zai je ido, daga ido zai je ƙwaƙwalwa."

Ni abin da na sani a dangin wannan cuta bai wuce makero da ƙyasbi ba, abin da ake shafa wa mai a manta. Ban taɓa jin funfuna tana cin fuskar mutum yana raye ba. Kuma a ce macen da take gane danshi a ƙasan buhu da hancinta, a hancin nata abin ya samu wurin zama.

Aka shiga da ita tiyata aka kankare mataccen naman da ke cikin hanci da ganɗa. Sannan aka fara maganin. Sunansa amfoterisin, ruwan ɗorawa ne, ana zuba shi a ledar ƙarin ruwa a lulluɓe da baƙar leda don kada haske ya taɓa shi. Na ga ciwo iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin magani mai firgita mutum kamar wannan ba. Da ya fara ɗiga, kafin rabin sa'a sai rawar sanyi ta kama Yaya. Gadon ƙarfe yana kaɗawa, haƙoranta suna haɗuwa, na rufa mata bargo biyu da zanena duk a banza. Daga nan zazzaɓi, daga nan amai. Matar da take ɗaga buhu da hannu ɗaya, sai ga ta idan ta hango nas tafe da baƙar ledar nan tana damƙe hannuna tana cewa, "Lami, ga shi nan kuma."

A kwana na huɗu fitsarinta ya ragu, ƙafafu suka fara kumbura. Likitar ta sake ja na waje ta ce maganin yana kashe funfunar, amma yana ƙona ƙoda. A nan ne na fara jin labarin abin da ya hana ni sakat shekara bakwai. Ta ce akwai wani nau'i na wannan magani, shi ɗin dai ne, ba wani ba, sai dai an naɗe shi a cikin 'yan ƙwayoyin kitse, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, ko madubin da suke duba jini da shi ba ya nuna su. Idan ya shiga jini a naɗe, ba ya taɓa ƙoda kamar wancan. Yana tafiya har ya tarar da funfunar, ya manne mata, a nan ne yake warwarewa. Saboda haka ana iya ba mutum da yawa, gwargwadon yadda cutar take buƙata.

Na ce, "To a ba ta shi mana."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Babu shi a nan, Anti. Ni kaina a littafi na san shi."

Yana da tsada ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma ba tsadar ce ta tsayar da mu ba, don matan layin agushi sun tsaya wa Yaya tsayuwar da ba zan manta ba. Samunsa ne ya gagara. Muka bi manyan kantunan magani na Lafia ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sunan ba su taɓa ji ba. Aka buga waya Abuja, aka buga Jos, aka buga Legas. Wannan ya ce ya ƙare, wancan ya ce sai an yi oda daga waje, wani ya ce a kira shi gobe. Kowace gobe kuwa, baƙin nan yana ƙara faɗi. Daga ƙarshe wani a Abuja ya yi alkawarin zai samo, muka shiga jira.

Ranar da zaɓi ya rage biyu, likitar ta faɗa wa Yaya da kanta, a gabana. Ko a tsayar da tsohon maganin ƙoda ta huta, funfunar ta samu hanya, ko a ci gaba ƙodar ta lalace. Idon Yaya na hagu ya riga ya mutu, da na dama take kallon silin. Can ta ce, da muryar da take fitowa ta hanci saboda ramin da ke ganɗarta, "A ci gaba, 'yata. Wanda ake jira zai zo ya same ni ina nan."

A ranar ce kuma ta nemi madubi. Na yi mata ƙarya na ce babu. Ta miƙa hannu ta ɗauki wayata ta duba fuskarta a jikin gilashin. Ta daɗe tana kallo. Ta ce kada in bar Rukayya ta shigo. Ban kai ƙofa ba ta kira ni ta ce, "A'a. Kawo ta. Ta gani da idonta, ba ta ji a bakin mutane ba." Yarinyar ta shigo da kayan makaranta a jikinta, ta durƙusa a gefen gado, ba ta yi kuka ba sai da muka fito.

Maganin ya iso a kwana na tara, a cikin 'yar kula irin ta masu ƙanƙara, a hannun wani direban Abuja da bai ma san abin da ya ɗauko ba. Na mako ɗaya kawai aka samu. Aka haɗa shi wajen ƙarfe goma na safe. Ni kuwa na shirya barguna a cinyata, na aje roba a ƙasa, ina jiran rawar sanyi. Rabin sa'a ta wuce. Sa'a ɗaya ta wuce. Yaya ta juyo ta ce, "Lami, sun saka kuwa?"

Na ce, "Sun saka, Yaya. Ga shi yana ɗiga."

Ta ce, "Wannan ai ruwa ne kawai." Ta lumshe ido ta yi barci, barcin da ba ta yi irinsa ba tun da muka zo. Da ta farka ta ce tana son kunun gyaɗa.

Mutane suna zaton kwanakin rawar sanyin ne suka fi tsaya min a rai. Ba su ba ne. Wannan safiyar ce, da na ga da idona ashe ana iya ba mutum maganin nan ba tare da an azabtar da shi ba, ashe akwai shi a duniya tun kafin ta kwanta. Washegari maganarta ta fara sarƙewa, ta kira ni da sunan mahaifiyarmu, hannunta na dama ya saki. Cutar ta riga ta kai inda ake tsoro. A rana ta uku, bayan azahar, ta cika. Kwalaben da suka rage na bar wa likitar. Daga baya ta aiko min cewa an yi wa wani bawan Allah amfani da su kuma ya tashi. Na yi hamdala, amma ban taɓa neman in san shi ba. Ina tsoron in gan shi yana tafiya da ƙafafunsa in ji abin da bai kamata in ji ba.

Rukayya ta karanci haɗa magunguna. Mutane suna cewa saboda mahaifiyarta ne, ita kuwa takan ce likitanci ta nema makinta bai kai ba. Ban matsa mata ba. Ita ce ta gaya min cewa wannan naɗi da aka yi wa maganin yana cikin abin da ake kira fasahar nano, wato sarrafa abu a mafi ƙanƙantarsa. Ta ce yanzu masu bincike suna gwada naɗe magunguna iri-iri a haka: na zazzaɓin cizon sauro, na tsutsar ciki, na ciwon barci, har da na sammore da ke addabar shanun makiyaya. Wasu a cikin kitse, wasu a cikin wani abu mai narkewa a jiki, don maganin ya je inda cuta take, ya daɗe yana aiki, ya rage ɓarnar da yake yi a hanya. Idan tana bayanin fuskarta har haske take yi. Na bar ta ta gama, sannan na ce, "A cikinsu wanne ne ake samu a Lafia?"

Ta ce, "Inna, yawancinsu suna ɗakin gwaji tukuna."

Na ce, "Shi wanda ya fito fa? Na mamanki?"

Ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Sau da yawa ina tambayar kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Ina jin za ta yi murna da 'yarta, wannan ba shakka. Amma kwanaki na bi ta bakin kasuwa na ji wani mai tallar magani a bayan mota yana shelar wani ruwa a jarka da lasifika, yana cewa "nano" ne, yana maganin suga da basir da sanyi da duk wata cutar fata. Mata sun kewaye shi, cikinsu har da wata da na sani a layin masu suga a asibiti. Na tsaya ina kallonsu. Sunan ya riga maganin isowa garinmu, kuma ga hannun da ya faɗa. Da Yaya ce, da ta karɓi jarkar ta girgiza, ta tambaye shi a ina aka yi, wa ya yi, har sai ya tattara ya bar wurin. Ni kuwa wucewa na yi. Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne da na tambayi Rukayya yadda mutum zai bambanta na gaske da jabu idan an miƙo masa kwalba, sai ta ce ido ba ya bambantawa, ko nata. Ta kuma ce su kansu masu binciken ba su gama sanin inda wasu daga cikin 'yan ƙwayoyin nan suke ƙarewa a jikin mutum ba bayan sun sauke kayansu. Don haka ina tsoron kada a rasa shi ranar da ake nema, ina kuma tsoron abin da za a miƙo da sunansa.

Sai ga shi makonni biyu da suka wuce na tashi da safe hancina na hagu a toshe, gefen fuskar yana min nauyi. Na zauna a bakin gado na kasa tashi. Na gwada sugana, ya ɗan hau. Na ɗauki madubi na je bakin taga, amma na fi minti goma ban iya buɗe bakina ba. Da na buɗe ban ga komai ba, kuma rashin ganin bai kwantar min da hankali ba. Ban je makaranta ba ranar, na hau mashin sai asibiti.

Likitan da ya duba ni ya ce mura ce kawai ta kama hanyar hanci. Na sa ya sake haskawa har sau biyu, ya yi haƙuri da ni. Na fito ina jin kunya da sauƙi a haɗe, na zauna a benci ina jiran a kira ni karɓar magani. A gefena akwai wata Bafulatana, za ta yi shekara arba'in, da mijinta a tsugune a gabanta riƙe da kati. Ta toshe hanci da gefen mayafi. Kuncinta ɗaya ya kumbura, idon wannan gefen ya kusa rufewa. Lambarsu tana can baya, akwai mutum ya fi talatin a gabansu.

Na gaishe su. Mijin ya ce daga wajen Ashige suke, kwana biyar ke nan tana fama da haƙori. Na ce tana da suga? Ya ce an taɓa faɗa musu haka. Na ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri, buɗe min bakinki." Ta kalli mijin, ya gyaɗa kai. Ta buɗe. Yana nan, baƙi, ya fi na Yaya faɗi.

Ni mace ce da ko a aji ba na iya ɗaga murya, yara sun san ni da haka. Amma ranar ban san lokacin da na kama hannun matar nan na ratsa layi da ita ba. Nas ta ce in koma in bi layi. Na ce ba zan koma ba, a kira likita yanzu, wannan ba haƙori ba ne, funfuna ce, kuma ba ta jira. Likitan ya leƙo, ya haska bakinta, ya dube ni, ya ce a shiga da ita. Kafin a rufe ƙofa na yagi takarda na rubuta wa mijin sunan maganin, na ce duk inda aka tura su ya nuna, ya ce wanda aka naɗe a kitse yake nema, tun yau, kada ya jira sai ƙoda ta gaza. Ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa.

Da na koma bayan kwana biyu aka ce an tura su babban asibiti a wata jiha. Ba wanda ya san abin da ya biyo baya.

Rumfar Yaya wata ce take ciki yanzu, tana sayar da robobi. Gidan Akurba an ba da haya. Ko fuskarta ta lokacin lafiya sai na duba hoto nake tunawa, don ta asibitin ce take fara zuwa min. Idan na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa: 'yarta da ke tsaye a bayan kantar magani tana karanta kowace takarda sau biyu, da kuma wannan tsoro da ta bar min, wanda na daɗe ina roƙon Allah ya cire min. Yanzu na daina roƙon haka. Shi ya sa na kalli fuskar wata a benci maimakon in kalli wayata.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da komawata. Duk mai nonon da ta shigo layinmu sai na tambaye ta ko ta san wata mata daga wajen Ashige da aka kai asibiti da kumburin fuska. Har yanzu ba wadda ta sani. Allah ya haskaka kabarin Yaya Kulu, ya yafe mata, ya yafe min dariyar da na taya ta. Ita kuma waccan baiwar Allah, wadda ko sunanta ban tambaya ba, Allah ya sa maganin ya riga cutar isa.